Masu Zaɓen Mai Zaɓe: Daga Amurka Zuwa Maiwurno

'Yan'uwa, da yawanmu na ɗauka cewa mutanen Amurka su ne ke zaɓen shugabansu kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Tsarin mulkinsu na 1787 ya ɗora wa kowace jiha naɗa wasu wakilai, su kuma su zaɓi shugaba, sannan ya bar wa majalisar dokokin jihar ta tsara yadda za a naɗa su. Wakilan nan 538 ne a yau, wanda ya sami 270 ya ci. A farkon zamani majalisu da dama da kansu suke naɗa su ba tare da an tambayi talaka ba, jihar Karolina ta Kudu ma ba ta daina ba sai bayan zaɓen 1860. A 2000 kuwa, da tazarar Bush da Gore a Fulorida ta tsaya a ƙuri'a 537, majalisar wakilan jihar ta yunƙura za ta naɗa wakilanta da kanta, sai hukuncin Kotun Ƙoli ya riga ta. Ƙaramar majalisar da mutane ke ƙyuyar fita zaɓenta, ashe a hannunta mabuɗin yake.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. A Sakkwato, Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadima na cikin manyan da ke zama su fitar da Sarkin Musulmi, kuma ta wannan hanya Attahiru na Ɗaya ya hau gado a 1902. Shekara guda bayan haka ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Garin da suka kafa shi ne Maiwurno.

To, zaɓen farko na majalisar Sudan, a ƙarshen 1953, shi ma hawa biyu aka yi shi a wasu wurare. Daftarin da Turawan Ingila suka shirya ya so yawancin mazaɓu su bi ta hannun wakilai, bisa hujjar wai mutanen karkara ba su waye ba. Hukumar zaɓe, ƙarƙashin Sukumar Sen ɗan Indiya, ta ƙara yawan mazaɓun kai tsaye zuwa 68, aka bar 24 a hannun wakilai, aka ware wa masu ilmin boko kujeru 5. Jam'iyyar Isma'il al-Azhari ta yi rinjaye, ya zama firaminista a Janairun 1954.

Amma kafin a tambayi mutum wa zai zaɓa, sai an yarda shi ɗan ƙasa ne, kuma a nan ƙaya ta soke mu. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne Basudane ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897, wato kafin faɗuwar daular Mahadi. Dokar jinsiyya ta 1957 ta riƙe wannan rana. Ku lissafa da kanku: ayarin Burmi ya makara da 'yan shekaru kaɗan. Haka dubban da suka tsaya a hanyar aikin hajji, suka tsinci audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Guminsu na cikin kowace hawasha, amma samun takardar jinsiyya ya zame wa da yawansu hawan dutse, ana neman shaidu a kan kakan da ya daɗe a kabari. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta kai ta 1 ga Janairun 1956. Kusan rabin ƙarni ke nan ana rabon kujeru alhali ƙauyuka da kambo-kambo na mutanenmu suna bakin ƙofa. A ganinmu, sanyin jikin da dattawa ke yi da zancen rajista daga nan ya samo asali. Wanda aka kora sau uku ba ya ɗokin komawa na huɗu.

Da ƙofar ta buɗe, majalisar jiha ta sake zama mai nauyi. Tsarin mulkin 2005 ya kafa Majalisar Jihohi a Khartum, kowace jiha wakilai biyu, kuma 'yan majalisar jihar ne ke zaɓensu, ba talakawa ba. A zaɓen Afrilun 2010 mai jefa ƙuri'a a arewa takarda takwas aka miƙa masa. Idon kowa na kan ta shugaban ƙasa da ta wali, musamman a Nilul Azraƙ inda Malik Aggar ya ci, aka kuma tsige shi a Satumban 2011 da yaƙi ya ɓarke. Takardun majalisar jiha kuwa, mutum nawa ne a cikinmu zai iya tuna wa ya dangwala wa? A Janairun 2015 majalisar ƙasa ta gyara tsarin mulki, ta karɓe zaɓen wali daga hannun jama'a ta ba shugaban ƙasa ya riƙa naɗawa. Zaɓen da ya biyo baya a Afrilu, ko a lissafin hukumar zaɓe, kashi 46 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fita.

Abin da ya faru a Rusairis da Damazin a Yulin 2022, da Wad al-Mahi a Oktoba, ba sai mun tuna wa kowa ba. Tushen rikicin tambaya ce ta wa ke da ikon magana da sunan Hausawa a sha'anin sarautar gargajiya da ƙasar noma, kuma irin wannan tambaya a hukumar jiha ake yanka ta, inda muryarmu ba ta da ƙarfi.

Tun 2015 ba a sake babban zaɓe a Sudan ba. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, iyalai da yawa sun fita da kayan jikinsu kawai, takardun haihuwa da raƙam waɗani sun salwanta a gidajen da aka wawashe. Duk ranar da aka koma rubuta sunayen masu zaɓe, waɗannan takardu za a fara tambaya. Shi ya sa muke roƙon masu unguwanni da limamai su soma rubuta gidajen da suka rasa nasu, da sunayen shaidu biyu-biyu, tun dattawan da suka san asalin kowa suna raye.