Daga alli zuwa allura: abin da tarihin Madarumfa ke koya mana

A shekarun nan na ga malaman makaranta da dama, musamman ƴan kwantiragi, suna ajiye alli su shiga makarantun koyon aikin jinya, iyaye kuma suna sa musu albarka don ganin aikin asibiti ba ya yankewa. Ina ganin ya kamata mu duba yadda aikin ya samo asali a Madarumfa kafin mu ba ɗa ko ɗalibi shawara.

Daga 2001, shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou ya gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. Aka ɗauki matasa, aka ba su horo na ƴan watanni, aka damƙa musu awon ciki, rigakafi da zazzaɓin yara. Ta wannan ƙofa mutane da yawa suka shigo daga wasu sana'o'i.

Sai yunwar 2005. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Aiki ya buɗe, albashi ya yi kyau. Amma a Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi, ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki. Wasu ƴan ƙasa ne suka kafa ƙungiyar Forsani, suka ci gaba da kula da yara a Madarumfa. Darasin a fili yake: aikin da ya dogara da kuɗin agaji yana iya tsayawa dare ɗaya.

A 2006 kuma aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Uwaye suka yi ta zuwa, abin farin ciki. Sai dai kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci yakan makara. Idan magani ya ƙare, manjo ne ke tsaye gaban uwa mai goyo yana ba ta haƙuri, wanda ya riƙe kuɗin yana can Yamai.

A Yulin 2018 kwalara ta ɓarke. Majinyatan farko daga Jibiya aka kawo su asibitin N'Yalwa, kafin cutar ta kama mutane sama da 3,000 a ƙasar, mafi yawa a Madarumfa. Waɗanda suka yi ta sa ƙarin ruwa suna wanke gadaje da sinadarin kulorin, malaman jinya ne.

Ko ba annoba, damina ce lokacin wahala. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, ɗakin yara ya cika a Madarumfa da Ɗan Isa. Lokacin da malamin makaranta ke hutu yana noma gonarsa, malamin jinya na kwanan aiki.

Don haka, malam, idan za ka sauya, ka tabbata gwamnati ta amince da takardar makarantar da za ka shiga. Ka tambayi wanda zai biya ka bayan ka gama, da tsawon kwantiragin. Ka je ɗakin yara a watan Agusta ka gani da idonka. Haƙurin da ka koya a gaban aji zai yi maka amfani ƙwarai, domin rabin aikin bayani ne ga uwa kan yadda za ta ba ɗanta magani. Madarumfa na buƙatar masu jinya, amma waɗanda za su zauna har damina ta wuce.