Jamhuriyar Benin da cinikinta da Najeriya

Jamhuriyar Benin ƙasa ce 'yar siririya a gaɓar tekun Atlantika, wadda Najeriya ke gabas da ita, Togo na yamma, Nijar da Burkina Faso kuma ta arewa. Porto-Novo ne babban birninta a hukumance, amma fadar shugaban ƙasa da akasarin ma'aikatun gwamnati suna Kwatano ne, cibiyar kasuwanci.

Ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 1 ga watan Agustan 1960 da sunan Dahomey. Bayan jerin juyin mulki, Mathieu Kerekou ya ƙwace iko a 1972, ya ɗora ƙasar kan aƙidar gurguzu, ya kuma sauya mata suna a 1975. Babban taron ƙasa na 1990 ne ya buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu da yawa, kuma da Nicephore Soglo ya kayar da Kerekou a zaɓen 1991, sai ya miƙa mulki lami lafiya. Wannan ya sa aka daɗe ana buga misali da Benin a fagen dimokuraɗiyya.

Sai dai wannan suna ya dushe bayan hawan Patrice Talon, hamshaƙin ɗan kasuwar auduga, a 2016. A zaɓen majalisar dokoki na 2019 ba a bar jam'iyyar adawa ko ɗaya ta shiga ba. A watan Disambar 2025 wasu sojoji sun yi yunƙurin kifar da gwamnatinsa, Najeriya kuma ta aika jiragen yaƙi suka taimaka wajen murƙushe su.

Tattalin arziki

Auduga ce kan gaba a kayayyakin da ƙasar ke sayarwa waje, sai kashu. Tana amfani da kuɗin CFA, wanda darajarsa ke ɗaure da yuro.

To amma ainihin jijiyar ƙasar ita ce tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shekara da shekaru Benin ta riƙa sassauta haraji kan kayayyakin da Najeriya ta haramta ko ta tsauwala wa kuɗin fito, kamar shinkafa da atamfa da kajin da aka daskarar da motocin hannu. Kayan su sauka a Kwatano bisa doka, gwamnati ta karɓi harajinta, sannan a tsallaka da su Najeriya, galibi ta ɓarauniyar hanya. Shi ya sa a kasuwannin Kano kowa ya san motar da ake ce wa 'yar Kwatano.

Daga ɓangaren Najeriya kuwa, fetur ne ke kwarara. A Benin ana kiransa kpayo, ana kuma sayar da shi a kwalabe a bakin titi. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a watan Mayun 2023, nan take farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a Kwatano.

Najeriya ta sha nuna fushi kan fasa-ƙwaurin. Muhammadu Buhari ya rufe iyakoki a 1984 lokacin yana mulkin soja, ya sake rufe su a watan Agustan 2019, ba a buɗe iyakar Seme ba sai a Disambar 2020. Matakin ya girgiza 'yan kasuwar Benin, ko da yake talakan Najeriya ma ya ji a jika, domin shinkafa ta yi tsada, fasa-ƙwaurin kuma bai tsaya ba.

Nijar ma, da yake ba ta da teku, ta daɗe tana shigo da kayanta ta Kwatano, a bi da su Malanville zuwa Gaya. Dangantakar ta yi tsami bayan juyin mulkin Yamai na watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe wannan iyaka. Duk da haka, a 2024 aka fara lodin ɗanyen man Nijar a gaɓar tekun Benin, wanda ake turowa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem.