Takalmin matafiyi a arewacin Zamfara: daga ƙirgi zuwa kambas

Ƙasar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashin ƙafa. Wanda ya taso daga ƙauyukan Galadi zai ci kasuwar Shinkafi yana iya taka rairayin jigawa, ya bi burtali mai ƙarangiya, ya ratsa lakar fadama, kafin ya hau kwalta. Gulbin Gagare da na Bunsuru kuwa da rani yashi ne mai ƙuna, da damina ruwa da taɓo. Saboda haka abin da matafiyin yankin ya daɗe yana nema shi ne takalmi guda da zai ɗauke shi a kan duk waɗannan, domin talaka ba ya ajiye na hanya daban, na daji daban.

Kafin zuwan Turawa, yawancin manoma ba sa sanya takalmi a harkarsu ta yau da kullum. Kaushin ƙafa ke tare musu tsakuwa, faso kuma ya biyo baya da hunturu. Masu buƙatar takalmi da gaske su ne fatake da manzannin sarakuna da makiyaya da dakarun ƙasa. Zurmi tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato. Hugh Clapperton ya bi ta nan a 1824, Heinrich Barth kuma a 1853, dukansu sun ratsa dajin Gundumi, inda ayari kan yi tafiyar dare da rana ba zango saboda rashin ruwa da tsoron hari. A irin wannan tafiya, wanda ƙayar aduwa ta shige masa ƙafa ba shi kaɗai ya shiga uku ba, ya tsayar da ayari ne a inda ba a tsayawa.

Takalmin wancan zamani aikin mutum biyu ne, majemi da baduku. Majemi kan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan 'ya'yan bagaruwa da aka daka, wanda ke hana ta ruɓewa. Jan launi daga karan dafi ake samun sa. Baduku sai ya yanka tafin takalmi daga ƙirgin sa, ya riɓa shi biyu ko uku ya ɗinke, ya yi maɗauri da fatar akuya mai laushi. Fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato ita ce wadda ta ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan Maroko, ƙasar da take bi ta cikinta. Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin kayan da birnin ke fitarwa har arewacin Afirka.

Takalman ba duka ne na tafiya ba. Kurufai na mahaya doki ne, sambatsai masu ado na masu hali ne, dangarafai na itace kuwa na tsallake caɓin damina ne a cikin gari. Na matafiyi shi ne fade: faffaɗan tafi da ya ɗan zarce ƙafa, ga hanci a tsakanin yatsu. Faɗin nan dabara ce, domin yana hana ƙafa nutsewa a rairayi, yana kuma kare gefenta daga zafin ƙasa. Rauninsa ruwa. Ƙirgi in ya jiƙe sai ya yi santsi ya saki, in ya bushe ya ƙandare ya ci ƙafa. Shi ya sa matafiyi kan tuɓe takalminsa ya rataya a sanda idan zai ratsa gulbi, ko ma idan ya ga hanyar ba ƙaya, don kada ya cinye a banza.

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan kuma ya tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa. Motocin lodi suka fara kawo kaya tasha, tsofaffin tayoyinsu kuma suka faɗa hannun masu sana'a. Takalmin taya, duk da muninsa, ya warware abin da ƙirgi ya kasa. Ruwa ba ya lalata shi, ƙaya ba ta huda shi da sauƙi, zanen tayar yana kama ƙasa, ga arha, kuma in maɗauri ya tsinke ƙusa ɗaya ta isa gyara. Aibinsa nauyi da ɗaukar zafi a tsakar rana. Ba Hausawa kaɗai suka gano wannan ba: makiyayan Masai a Kenya da Tanzaniya suna sa shi, haka mutanen Raramuri na duwatsun Meziko, waɗanda suka shahara da dogon gudu. Wata 'yar Raramuri, Lorena Ramírez, ta ci tseren kilomita 50 na cikin duwatsu a 2017 da irin wannan takalmi mai tafin roba.

Daga baya kamfanin Bata, wanda har yau wani yanki na Kano ke amsa sunansa, ya yaɗa takalmin makaranta da kambas, masana'antun roba na Kano kuma suka cika kasuwannin ƙauye da silifa da rufaffen takalmin roba. Wannan na ƙarshe makiyaya suka rungume shi, don yana rufe yatsu, ana wanke shi a kowane tafki. Dukawa sun rasa kasuwar talaka, suka koma ga takalmin ado, da gafaka da kube da layu.

Gudu na wasa ya shigo ta makarantun boko da barikin soja da 'yan sanda, kuma ɗalibai da yawa ƙafa ba takalmi suke yin tseren makaranta. Ba abin kunya ba ne a lokacin, tun da Abebe Bikila na Habasha haka ya ci tseren gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960, ko da yake da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalmi ya yi. A shekarun 1970 ne kamfanonin Amurka da Turai da Jafan suka fara saka soso mai laushi a tsakiyar tafi, daga nan takalmin gudu ya rabu gida biyu. Na kwalta yana da soso mai kauri, ƙasansa kusan sumul, samansa raga mai shan iska. Na daji yana da haƙora masu tsawo a ƙasa don kama laka da tsakuwa, da tauri a gaba don kare yatsu. Kowanne yana shan kashi a filin ɗan'uwansa: haƙoran na daji suna cinyewa da wuri a kwalta, na kwalta kuma yana zamewa a laka, ƙarangiya ta maƙale masa a raga, rairayi ya cika shi. Sai kamfanonin suka fito da na tsakiya, mai gajerun haƙora kusa da juna, kimanin milimita 3 zuwa 4, da soso madaidaici.

Irin waɗannan takalma sun fi isowa kasuwannin yankin a matsayin gwanjo. Matasa masu motsa jiki da asuba, ko masu shirin gwajin shiga aikin ɗamara, ba su cika kula da sunan kamfani ba. Mai saye kan juya takalmin ya duba ko haƙoran sun cinye ta gefe ɗaya, ya lanƙwasa shi ya ga ko gam ya saki, ya danna soson da babban yatsa ya ga ko zai dawo, sannan ya bar tazarar yatsa guda a gaba saboda ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya. Mafi yawa daga teburin ɗan gwanjo sai wurin mai gyaran takalmi, a zagaye tafin da ɗinki tun kafin a fara sa shi, domin gam ɗin waje ba ya jure zafin watan Afrilu.