Aikin Tilas na Kuza da Ciwon Haƙarƙari a Jos, 1942 zuwa 1944

Gidaje da yawa a nan Jos, daga Gangare da Unguwar Rogo har Bukuru da Barikin Ladi, kuza ce ta kawo kakanninsu. Sai dai ba kowa ne ya zo da son ransa ba.

A farkon 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo mafi yawan kuzar daular Ingila. Sai Turawa suka juyo kan Filato. Aka kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo mutane. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso manoma kimanin 100,000 daga ƙasashen Sakkwato, Katsina, Zazzau, Bauchi, Borno da Binuwai.

Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato, ga shi a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yana wuni cikin ruwan wankin kuza, ba bargon kirki, abinci bai isa ba, dare ya yi a cusa su da yawa a bukka ɗaya. Mutane da dama sun rasu, musamman a wurin gina madatsar ruwa ta Tenti a 1943. Cikin cututtukan da suka yi ɓarna akwai ciwon haƙarƙari, wato nimoniya.

Dattawa kan ce sanyin Jos ne ya kashe su. Sanyi ya taimaka, amma mai kisan ƙwayar cuta ce, wadda Louis Pasteur da George Sternberg suka gano a 1881. Tana zama a hanci da maƙogwaron mutum lafiyayye, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. In yunwa ko mura ko hayaƙi sun raunana jiki, sai ta gangara cikin huhu. Can akwai ƙananan jakunkuna inda iska ke shiga jini. Jiki na yaƙi da ƙwayar, jakunkunan na cika da ruwa da mugunya, har iska ta rasa wurin shiga. Daga nan ne zazzaɓi da haki da sukar haƙarƙari ke fitowa.

Magani kuwa akwai shi a lokacin. Tun 1938 aka fitar da M&B 693, kuma da wani magani irinsa aka yi wa Firayim Minista Churchill magani da nimoniya ta kama shi a Tunisiya a Disambar 1943. A wannan shekarar ce lebura ke mutuwa a Tenti.

An soke aikin tilas a 1944, amma abubuwan da suka buɗe wa cutar ƙofa suna nan: cunkoso a ɗaki, garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu, da yaran da ba sa ƙoshi. Yau ƙananan yara ta fi kashewa. Nijeriya ta fara sa rigakafinta cikin alluran jarirai a Disambar 2014, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

Don haka a duba katin rigakafin kowane jariri. In yaro na tari yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya gasa masa ƙirji. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuri'a, amin.