Bambancin Jinsi da na Mazauni Wajen Kwanciya Asibiti da Mutuwa Daga Cututtukan Numfashi

Cututtukan numfashi da ƙwayar bairus ke haddasawa, irin su mura mai tsanani da korona, suna bin iska ne daga mutum zuwa mutum ba tare da sun zaɓi launin fata ba. Duk da haka, alƙaluman ƙasashe da dama sun nuna cewa ba daidai al'ummomi suke kwanciya asibiti ko rasa rayuka a sanadiyyarsu ba.

Inda aka fi auna wannan bambanci shi ne Amurka da Ingila, domin a can ana tattara bayanan jinsin jama'a. A shekarar farko ta annobar korona, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa, in an yi la'akari da shekaru, baƙar fata sun fi farar fata kwanciya asibiti da kusan ninki uku, mutuwa kuwa da kusan ninki biyu. A watan Mayun 2020 ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya ce haɗarin mutuwar baƙar fata ya zarce ninki huɗu, amma da aka sanya yanayin mazauni, da halin samu, da lafiyar mutum a cikin lissafin, sai ya sauko zuwa kusan ninki biyu. Wannan saukowa ita ce abin lura. Mafi yawan bambancin ya samo asali ne daga cunkoson gidaje, da ayyukan da ba a iya yin su daga gida kamar tuƙi da jinya, da yawaitar ciwon suga da hawan jini, da kuma jinkirin zuwa wurin likita.

Ƙasar Kano ta taɓa ganin irin wannan bambanci na launin fata a zamanin mulkin mallaka. Annobar mura ta 1918, wadda Hausawa suka sanya wa suna marisuwa, ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abbas. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya cikin ƙasa da wata shida. A lokacin, an keɓe wa Turawa unguwanni da ake barin filin yadi 440 tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa, kuma 'yan likitocin da ake da su lafiyar ma'aikatan gwamnati suka fi kula da ita. Asibitin cikin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1920. Manomin ƙasar Minjibir kuwa, a kan tabarmarsa ya yi jinya, ko ya tashi ko ya riga mu gidan gaskiya.

A yau ba launin fata ne ya raba mutanen Kano ba. Abin da ya raba su shi ne birni da ƙauye, da kuma mai hali da maras hali. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar ranar 11 ga Afrilun 2020, kuma cikin wannan watan ne masu haƙar kabari suka fara bayyana cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda aka saba. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya sanar da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: an samu mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Galibinsu dattawa ne masu fama da wasu cututtukan, kuma fiye da rabinsu a gida suka rasu.

Minjibir ba ta cikin waɗannan ƙananan hukumomi takwas, ko da yake tana iyaka da Ungogo wadda ke ciki, kuma mutanenta kullum suna shiga birni da kayan lambu da hatsi. Ƙaramar hukuma ce mai mutum sama da 200,000 bisa ƙidayar 2006, mai ƙauyuka daf da juna. Don haka kuskure ne a ɗauki ƙarancin alƙaluman karkara a matsayin shaidar cewa cutar ba ta je ba. Wuraren gwaji da cibiyoyin killace masu cutar a birni aka fara kafa su, kuma dattijon da numfashinsa ya sarƙe a Kunya sai an nemi mota da kuɗinta kafin a kai shi inda ake da iskar taimakon numfashi. Wanda bai kai asibiti ba, ba ya shiga lissafin waɗanda aka kwantar.

Haka lamarin yake game da mace-mace. Akan yi wa mamaci sutura cikin sa'o'i kaɗan kamar yadda addini ya tanada, kuma iyalai ƙalilan ne suke zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa domin yin rajistar mutuwa, wadda a doka ita ce ke da alhakin wannan aiki a kowace ƙaramar hukuma.