Jimmy Carter: ɗan tallar dafaffiyar gyaɗa da mutanen da suka raine shi

Tarihinmu na yau zai ƙetare teku zuwa Amurka, amma mutumen da za mu yi magana a kansa ba baƙo ba ne ga mutanen karkararmu. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 a ƙauyukan Damagaram ko Maraɗi ya san kurkunu, ya san yadda take kwantar da magidanci tsakiyar damina gonarsa ta cika da haki. Cibiyar da Jimmy Carter ya kafa bayan ya sauka daga mulki tana cikin waɗanda suka ja gaban yaƙi da wannan cuta tun 1986, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Shi ne shugaban Amurka na 39, ya yi mulki daga 1977 zuwa 1981. To amma ba zancen mulkinsa za mu yi ba. Gidan da ya fito za mu leƙa, domin akwai abin dubawa a can.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba 1924 a Plains, wani ɗan gari a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, wanda mutanensa ba su kai dubu ba. Shi ne shugaban Amurka na farko da aka haifa a asibiti, kuma ba don gata ba ne, uwarsa ce ke aikin jinya a wurin. Yana ɗan shekara huɗu ubansa ya kwashe iyali zuwa gona a wani ƙauye mai suna Archery, tafiyar kamar kilomita huɗu zuwa biyar daga Plains. Gidan babu famfo, babu wutar lantarki, ban ɗaki yana can bayan gida, ruwa sai an ja a rijiya. Wuta ba ta iso ba sai 1938, lokacin yaron yana shekara goma sha huɗu. Kun ji fa, a Amurka.

Danginsa na wajen uba sun daɗe a Jojiya, kuma tarihinsu ba fari tas ba ne. Kakan kakansa, Wiley Carter, ya mallaki bayi baƙaƙen fata da ke yi masa noma har ya rasu a 1864, shekara guda kafin a haramta bauta a ƙasar. Ɗan Wiley ɗin, Littleberry, kashe shi aka yi a 1873 cikin rigima da abokin sana'arsa. Ɗan Littleberry, wato Billy, kakan Jimmy, shi ma harbe shi aka yi a 1903 a kan gardamar wani tebur na rubutu. Uban Jimmy, James Earl Carter, yana da kamar shekara tara lokacin da ya zama maraya ta wannan hanya. Ni dai a ganina wannan maraici yana cikin abin da ya sa Earl ya tashi mutum mai tsanani, mai lissafin kowane kwabo, wanda ba ya jingina ga kowa.

Earl manomi ne kuma ɗan kasuwa. Gonarsa ta Archery ta kai wajen hekta 145, ana noma auduga, gyaɗa (gujiya in ji mutanen Katsinar Maraɗi da Gobir), masara da rake, ga dabbobi, ga ɗan kanti a gefen gida. Amma wa ke noman? A Archery iyalan fararen fata biyu ne kacal masu zaman dindindin, sauran kusan gida ashirin da biyar duk baƙaƙe ne, jikokin bayi. An 'yanta kakanninsu amma ba a ba su ƙasa ba. Don haka wasu ke ƙwadago a biya su a yini, wasu kuma mai gona ya ba su fili da alfadari da iri, in kaka ta yi a raba amfani biyu. Daga rabon talaka ake cire bashin taki da na abincin da ya ci a kantin maigida tun bazara. Shekarar da farashin auduga ya faɗi, mutum sai ya gama aikin shekara ya tarar bashi ne ya rage masa. Wanda ya taɓa cin bashin hatsi da damina don ya biya da kaka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A cikin wannan gona yaron ya tashi, kuma ba zaman ɗan maigida ya yi ba. Wani dattijo baƙar fata mai suna Jack Clark shi ke buga ƙararrawar gona awa guda kafin gari ya waye, kowa ya tashi da fitila ya kama alfadarinsa a turke. Wannan awa ce Carter ya sa wa sunan littafin da ya rubuta kan ƙuruciyarsa, wanda ya fito a 2001. Tun daga ƙarshen sanyi har kaka ba ya sa takalmi. Aikin da ya fi tsana shi ne bin kunyar auduga da bokiti yana shafa wa kowane tsiro haɗin guba da ruwan rake mai kauri don kashe ƙwaro, ƙudaje na binsa, wandonsa ya bushe ya ƙage kamar fata. Uban kuma ba ya wasa da horo. Carter ya ƙidaya sau shida da uban ya zane shi da tsumagiya, ɗaya daga ciki don ya zari kwabo a farantin sadaka na coci maimakon ya saka nasa.

Tun yana ɗan shekara biyar ya fara talla. Da yamma zai tuge gyaɗa ɗanya a gona, ya tsinke, ya wanke, ya jiƙa a ruwan gishiri ta kwana. Da asuba ya dafa, ya ƙulla a 'yan jakunkunan takarda kamar guda ashirin, ya bi layin dogo a ƙasa har Plains yana sayar da ƙulli senti biyar. In kaya sun ƙare ya tashi da dala guda. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba, kuma a wancan zamani na matsin tattalin arziki kusan ladan yinin ƙaton namiji ke nan a gona. Kafin ya cika shekara goma ya tara abin da ya sayi manyan ɗaurin auduga biyar lokacin da farashi ya faɗi warwas, ya ajiye a rumbun uban, bayan 'yan shekaru ya sayar a kan farashin da ya haura ninki uku na yadda ya saya, ya sayi wasu 'yan gidaje biyar yana karɓar haya. Jinin uban ke nan.

Uwar, Lillian Gordy, wata irin mace ce daban. Ma'aikaciyar jinya ce da kan yi awa ashirin a gidan majinyaci, ta dawo ta yi wanka ta koma. Sau da yawa yaran ba sa ganinta, sai takardar da ta bar musu a kan tebur ta rubuta aikin kowa, har suka riƙa yi mata ba'a cewa teburin ne uwarsu. A lokacin da dokar Jojiya da al'adarta suka raba fari da baƙi a makaranta, coci, asibiti, jirgin ƙasa har da wurin shan ruwa, ita takan shiga bukkokin baƙaƙe ta karɓi haihuwa, ta yi jinya, a biya ta da kaza ko ƙwai, ko ma a ce Allah ya saka. Mijinta kuwa ya yarda da wariya ɗari bisa ɗari, bai taɓa ganin aibinta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, ra'ayi biyu.

Ga misali. Babban mutum a Archery shi ne Bishop William Decker Johnson, baƙar fata, shugaban coci mai mabiya a jihohi da dama, mai makaranta da babbar mota. Al'ada ta ce baƙi ta ƙofar baya yake shiga gidan Bature. Bishop ba zai bi ta baya ba, Earl kuma ba zai buɗe masa ta gaba ba. Sai suka samo dabara: Bishop ya tsaya da motarsa a waje, Earl ya fito, su yi maganarsu a tsakar fili har da dariya. Amma ɗan Bishop, Alvan, da ke karatu a arewacin ƙasar, in ya zo hutu kai tsaye yake ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Lillian ta tarbe shi ta zaunar da shi, Earl ya sulale ya bar gidan kamar bai gani ba.

Tunda uwa tana wurin jinya, uba yana harkokinsa, wa ya riƙe yaron? Rachel Clark, matar Jack mai ƙararrawa. A ɗan gidansu yake yawan kwana, a kan shimfiɗa a ƙasa kusa da murhu. Ita ta koya masa kamun kifi, sunayen itatuwa da tsuntsaye, da yadda mutum ke riƙe mutuncinsa ko ba shi da komai. An san ta a yankin da cewa babu mai tsinkar auduga kamarta, namiji ko mace. Da ya tsufa Carter ya lissafa mutum biyar, ban da iyayensa, da suka fi gina rayuwarsa, uku daga cikinsu baƙaƙe ne, Rachel na ciki. Cikin fararen biyu akwai malamarsa Julia Coleman, wadda ta ɗora masa manyan littattafai tun yana shekara goma sha biyu, har ya ambace ta ranar da aka rantsar da shi.

Abokan wasansa ma duk baƙaƙe ne, babban cikinsu A.D. Davis. Tare suke kokawa, farauta da iyo a rafi. Amma in za su je kallon silima a garin Americus, suna hawa jirgin ƙasa sai su rabu, kowa ya nufi taragon launinsa. Su sauka su jera a titi, a ƙofar silima su sake rabuwa, A.D. ya hau can sama inda aka ware wa baƙaƙe. In an tashi su hadu su koma gida suna hira. Da safe motar makaranta ta ɗauki Jimmy, A.D. kuwa in zai je tasu sai da ƙafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Carter da kansa ya amsa cewa a lokacin ko sau ɗaya bai tambayi dalili ba. Abin da yaro ya buɗe ido ya tarar, shi yake ɗauka haka Allah ya yi duniya.

Ranar 22 ga Yuni 1938 aka yi damben da duniya ta saurara, tsakanin Joe Louis, baƙar fatar Amurka, da Max Schmeling na Jamus ta zamanin Hitler. Fararen kudu da yawa, har da Earl, Bajamushen suke goyon baya a kan ɗan ƙasarsu, saboda launi. Maƙwabta baƙaƙe suka zo cikin ladabi suka roƙi a bar su su saurara. Earl ya ɗora rediyonsa mai batir a taga, suka taru a gindin itace a tsakar gida. Cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu Louis ya gama da mutumen. Ba wanda ya yi ko tari. Suka yi wa maigida godiya, suka ƙetare hanya da layin dogo shiru, suka shiga gidan ɗayansu suka rufe ƙofa. Sai a nan ihu ya ɓarke, aka kwana ana murna. Yaron yana jin su daga gida.

Kusan a wannan shekara ce kuma wani abu ya faru a ƙofar makiyaya. Suna dawowa daga gona shi da A.D. da wani abokinsu, da suka iso ƙofar sai su biyun suka buɗe suka ja da baya don ya fara wucewa. Ya zaci tarko suka ɗana masa, irin wasan da suka saba. Ba tarko ba ne. Daga baya ya fahimci iyayensu ne suka gaya musu lokaci ya yi, ɗan maigida ya girma. Daga ranar kokawa ta ƙare.

Wani kawunsa, Tom Gordy, sojan ruwa ne da ke aiko masa katunan hoto daga ƙasashe masu nisa, shi ya sa masa sha'awar teku. Ya shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1943, ya fito a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, ƙawar ƙanwarsa Ruth. Lillian ce ta taimaka aka karɓi haihuwar wannan Rosalynn a 1927. Yana cikin ci gaba a aikin jiragen yaƙi masu nutso ƙarƙashin teku aka kira shi a 1953, uban na kwance da kansar da daga baya ta ɗauke ƙannensa uku duka, Gloria, Ruth da Billy. A zaman jinya da na makoki ya ga mutane, fari da baƙi, suna shigowa suna faɗin abin da Earl ya yi musu a ɓoye: wannan an yafe masa bashi, wancan an biya wa 'ya'yansa tufafin makaranta. Mutumen da ya hana baƙi ƙofar gabansa, shi ne kuma wannan. Jimmy ya ajiye kaki ya dawo gona, matarsa ta yi fushin da ta yi tafiyar komawa Plains kusan ba ta ce masa uffan ba. Shekarar farko fari ya buge su, ribar da suka samu ba ta kai dala 200 ba, suna zaune a gidajen da gwamnati ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi.

Kada dai mu mai da shi waliyyi. Gaskiya ne da fararen Plains suka kafa ƙungiyar hana haɗa 'ya'yansu makaranta da baƙaƙe ya ƙi shiga, ko da suka ce za su biya masa kuɗin rajista, har wasu suka daina ciniki da shi na ɗan lokaci. Amma gaskiya ne kuma ya yi shekaru a hukumar makarantun yankinsu lokacin da makarantun ke rabe, kuma a yaƙin neman gwamna na 1970 ya yi zawarcin ƙuri'un masu son wariya. Sai ranar rantsuwa a Janairun 1971 ya tsaya gaban jama'ar Jojiya ya ce zamanin nuna bambancin launi ya wuce. Yana da shekara arba'in da shida a lokacin. Uwar ta riga shi nisa: tana da shekara 68 ta tafi Indiya aikin jinya na sa kai, ta yi kusan shekara biyu cikin talakawa da kutare.

Ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 a Plains yana da shekara ɗari cif. Da aka ɗauko gawarsa a farkon Janairun 2025 za a kai ta Atlanta, motocin suka bi ta Archery suka tsaya a gaban tsohon gidan gonar, aka buga ƙararrawa sau 39. Bayan an gama jana'izar gwamnati a Washington aka dawo da shi Plains, aka binne shi kusa da Rosalynn.