Cocin St Bartholomew na Wusasa

Cocin St Bartholomew majami'a ce ta ɗarikar Angilika da ke Wusasa, a gefen Zariya ta yamma, cikin Jihar Kaduna. An gina ta a 1929, da ƙasa, a kan tsarin ginin gargajiya na Hausa, kuma tana cikin tsofaffin majami'un ƙasar Hausa da ke tsaye har yau. Sunanta na Bartalamawas ne, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. A tsarin Angilika kowane yanki yana da cocinsa da limaminsa, yankuna da yawa kuma su taru su zama dayosis a ƙarƙashin bishop. Wannan coci ta fara ne a matsayin ta yanki, inda Kiristocin Wusasa ke sujada da baftisma da ɗaurin aure da jana'iza.

Tarihinta ya girmi ginin da kusan shekara talatin. A 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano. A cikinta akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. Sai a 1905, bayan Turawa sun ci ƙasar, Miller ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Zaman bai yi daɗi ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka kallon ƙaya a ƙafa suke yi wa 'yan mishan da ke zaune a tsakiyar birnin Musulmi. Miller kuwa ba mutum ne mai ɓoye abin da ke ransa ba, ya sha yin sa-in-sa da fada da kuma jami'an gwamnati. Masu karɓar sabon addinin ba su da yawa. Wani ɓangare mai muhimmanci na jama'ar ya fito ne daga Isawa, wato zuriyar mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Wajen 1913 wasunsu suka nemi Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ƙauyen ya watse. A ƙarshe aka daidaita a kan mishan ta bar cikin ganuwa. A 1929 ta koma gindin dutsen Wusasa, a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen, wanda daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Shi Miller bai zauna a sabon wurin ba, Kano ya nufa.

Abin da ya bambanta wannan coci shi ne, mutanen da aka fitar daga birni sun fita da ginin birnin. A waɗannan shekarun, 'yan Angilika a Legas suna tsaka da gina babbar majami'arsu ta bakin Marina, wadda aka aza harsashinta a 1925, da irin tsini da tagogin cocin Ingila. Haka aka saba yi kusan duk inda mishan ta je: a ɗauko fasalin gida a dasa a baƙuwar ƙasa, ko a yi bango huɗu a ɗora kwano. A Wusasa aka koma ga sana'ar maginan Zazzau. Ba ƙaramar sana'a ba ce kuwa, domin a nan Zariya ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, ginin da masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa a wannan yanki.

Wanda bai san yadda ake irin wannan gini ba ba zai gane wahalar da ke cikin yin majami'a da shi ba. Ana haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, yaransa na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafkewa, yana jerawa kai sama, yana cike tsakani. Bango yakan yi kauri sosai a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kauri ne ke sa cikin ɗaki ya yi sanyi da rana tsaka a watan bazara, ya kuma riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu.

Rufi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamu huɗu ko biyar. Ƙaramin ɗaki ba ya buƙatar fiye da haka. Wurin da mutane da yawa za su taru kuwa, sai da bakan gizo: a kafa azara a jikin bango tana leƙowa ciki, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wancan bango ma haka, mataki-mataki har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa su zama baka guda mai lanƙwasa. A kan waɗannan bakuna ake shimfiɗa sauran azara a yi rufi. Dabarar da ake yi wa soron sarki da masallaci ke nan, ita aka ara wa coci.

Sai dai buƙatar masallaci daban, ta coci daban. Sahun salla a faɗi yake tafiya, yana fuskantar alƙibla, ginshiƙi a tsakiya ba ya hana kowa bin liman. Cocin Angilika kuwa a tsawo take tafiya: jama'a na zaune a jere, da hanya a tsakiya, idon kowa na kan bagade a can ƙurya inda ake Jibin Ubangiji, ga mumbarin wa'azi da wurin karatun Littafi a gaba. Jeren bakan gizo ɗaya bayan ɗaya ya dace da wannan tsari ƙwarai, yana jan ido zuwa gaba kamar yadda bakunan dutse ke yi a tsofaffin majami'un Turai, ko da yake ba daga can aka koyo shi ba. A ganin mai wannan rubutu, nan ne darajar ginin take. Ba ado aka liƙa wa cocin Bature don ta yi kama da ta gida ba. Tun daga harsashi aikin magini Bahaushe ne.

Shekara uku bayan ginin, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya yi shekaru yana jagoranta tare da mataimaka Hausawa da 'yan wasu mishan. Da Hausa ake sujada a Wusasa, da ita ake waƙa.

A kewayen cocin gari ya tashi: makarantar St Bartholomew, asibitin St Luke, daga baya kuma kwalejin St Paul, wadda yanzu ake kira Kwalejin Kufena. Ƙaramar al'umma ce, amma ta fitar da mutanen da Arewa ta sani. Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan wannan jama'a ne. Sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ma ta nan ya biyo. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa a daidai waɗannan shekarun, a Wusasa ya tashi ya yi firamare, mahaifinsa kuma ma'aikacin coci ne. A 1997 aka ƙirƙiri Dayosis ɗin Wusasa, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko, sunan St Bartholomew ya koma na mazaunin bishop.

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Damina ɗaya ta isa ta buɗe tsaga a rufi, idan indararo ya toshe ruwa ya kwanta a sama, azara ta jiƙa, baka ya fara saki. A da, gyara al'ada ce ta kowace shekara: kafin saukar ruwa a sake yaɓe, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a bi rufi da laso. Yanzu masu wannan sani sun ragu, giginya ta yi tsada, kuma da yawa sun fi ganin sauƙin siminti. Shi kuwa siminti ba ya shiri da ƙasa: yakan rufe danshi a cikin bango, ya ɓamɓare falle-falle, ya tafi da fatar ginin. Ko Masallacin Juma'a na Zariya, sai da aka kewaye tsohon ginin Babban Gwani da sabon gini a shekarun 1970 don a kare abin da ya rage. Ita kuwa cocin Wusasa za ta cika shekara ɗari a 2029.